Wasiƙa daga Ingila: abin da na gani a gandun tsuntsayen Minsmere

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka daɗe kana tambayata yadda mutanen nan suke riƙon gandun dajinsu, to ga labarin wanda na gani da idona, wato Minsmere, a bakin tekun gabashin Ingila cikin yankin Suffolk.

Wurin ba na gwamnati ba ne. Wata ƙungiyar kare tsuntsaye ce mai suna RSPB take riƙe da shi tun 1947, kuma mambobinta sun haura miliyan ɗaya. Kowane mamba yana biyan kuɗin ƙungiya, shi ya sa yake shiga kyauta, baƙo irina kuwa sai ya yanki tikiti. Faɗin gandun ya kai kusan hekta 1,000, ga fadama mai dogayen ciyayin ruwa, ga kurmi, ga tudun yashi da tsakuwa har bakin teku.

Tun daga ƙofa za ka san an shirya wa zuwanka. Ana miƙa maka taswira, akwai allon da ake rubuta tsuntsayen da aka gani a ranar da inda aka gan su. In ba ka da madubin hangen nesa, akwai na haya. Tsoho ko mai ciwon ƙafa ana ba shi aron keke mai batir. Ban-ɗakinsu tsaf. Da yawa daga masu yi wa baƙi jagora 'yan sa-kai ne, dattawan da suka yi ritaya, ba sa karɓar ko sisi, kuma in ka tambayi ɗayansu sunan tsuntsu sai ya saita maka madubinsa ya ce leƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya, shi ne wannan daji aikin hannu ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sako ruwa ya mamaye filin don tare abokan gaba, ciyawa ta tsiro, tsuntsaye suka zo. A 1947 wani farin tsuntsu mai ratsin baƙi da baki lanƙwasasshe zuwa sama, avocet, ya dawo ya yi sheƙa bayan kimanin shekara 100 ba ya hayayyafa a ƙasar. Shi ne a tambarin ƙungiyar yau. Daga baya suka haƙa tafkuna marasa zurfi masu ƙananan tsibirai, suka kewaye da waya don kada yanyawa ta cinye ƙwai. Ruwan ma da ƙofofi ake sarrafa shi, a ƙara ko a rage gwargwadon buƙatar tsuntsun da zai yi kiwo. Ciyawar ruwa ana yanke ta sashe-sashe don kada fadamar ta cike ta bushe, har dawakai 'yan asalin Foland suka kawo suna kiwo a ciki. Akwai wani ɗan'uwan zalɓe mai ɓuya cikin ciyawa, bittern, da kukansa kamar an busa bakin kwalba. A 1997 maza 11 kacal aka ji suna kuka a duk Birtaniya, wannan wahalar da ake sha wajen gyaran fadama ce ta dawo da su.

Ina zaune a ɗakin katakon da ake laɓewa a kalli tsuntsaye, hankalina ya tafi dausayin Haɗeja da Nguru. Wallahi abin da ke sauka lokacin sanyi a Dagona, gandun tsuntsayen da ke cikin dausayin, yawansa ya fi ƙarfin abin da na gani nan. Wasu ma tsuntsayen ɗaya ne: 'yan tsattsewar da ke haƙa rami a gangaren yashi kusa da ofishin baƙi, a yankinmu na Sahel suke cin rani, kuma farin da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 ya rage su ƙwarai a Turai. Amma mu tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke shayar da dausayin ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da tsuntsu duk suna shan wuya. Ba arzikin muka rasa ba, mai tashi kullum ya duba ruwa ya yanke ciyawa, a kuma biya shi kan lokaci, shi ne ya yi ƙaranci.

Ba komai ne ya burge ni ba. In ba ka da mota zuwa wurin wahala ne, domin tashar jirgin ƙasa ta Darsham tana da 'yar tazara, sai ka nemi tasi. Kayan shagonsu da shayinsu tsada. Ga tashar nukiliya ta Sizewell a kudu da gandun, ana ganin farar ƙubbarta daga bakin teku, ana kuma gina wata sabuwa, abin da ya sa masu kula da wurin suke fargabar abin da zai sami ruwan fadamar.

In Allah ya kai mu Janairu, don Allah ka samu wanda zai ɗauko mini hotunan tsuntsayen Dagona. Dattawan nan sun ce suna son gani, na kuma yi musu alkawari. A gaishe mini da Inna da yara.