Garin sifirulina da aka noma da kashin kaji: ra'ayina bayan na gwada

Garin da nake magana a kansa na wata ƙaramar gona ne da ke noman sifirulina, wato gansakukar nan mai launin kore-shuɗi wadda matan Kanembu suka daɗe suna kwasowa daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi, suna busar da ita su sa a miya, suna kiranta dihe. Yawancin masu nomanta suna bin haɗin sinadaran ciyar da ita da wani mai bincike mai suna Zarrouk ya tsara a 1966, wanda yake da tsada, amma wannan gona da kashin kaji take ciyar da tata.

Na yaba da yadda suke aikin. Ba sa zuba ɗanyen kashi a kwamin ruwan da suke noman gansakukar, sai ya kwana a rufaffiyar randar haɗa iskar gas ya ruɓe, sannan su tace ruwan, su sirka shi, su riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Dalilin a fili yake: ruwan taki mai duhu yana tare hasken rana, kuma amoniya, sinadarin da ke fitowa daga takin, idan ta yi yawa a ruwa mai kanwa, kashe gansakukar take yi. A inuwa suke busarwa, shi ya sa launin bai koɗe ba. Garin yana da laushi, ba ya warin taki ko kaɗan, sai ɗan ƙarni wanda yake ɓacewa a miyar kuka, ko da yake a kunu yana fitowa sosai. Mai shakka ta fuskar tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ta cin ƙazanta.

Inda na sami damuwa shi ne jikin ledar. An rubuta cewa furotin ya haura rabin nauyin garin, wanda sananne ne game da sifirulina, amma babu lambar NAFDAC, babu kuma sakamakon gwaji daga ɗakin bincike. Mai gonar ya ce ƙarfin kanwar ruwan yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma akwai gaskiya a maganarsa, sai dai kanwa ba ta kawar da dalma ko sauran ƙarafa masu guba, alhali sifirulina tana zuƙe su daga ruwa ta tara a jikinta. Duk abin da ke cikin abincin kajin yana iya biyo kashin ya ƙare a cokalin yaro, kuma iyaye masu neman abin gina jiki ga 'ya'yansu su ne suka fi saye.

Farashinsa ya fi na waje sauƙi, kuma ga mai kiwon kifi ko kaji ina ganin ya cancanci kuɗinsa. Ga yara da masu juna biyu kuwa, ba zan ba da shawarar a saya ba sai gonar ta kai samfurinta gwaji ta manna sakamakon a jikin kowace leda.