Jig ɗinka ya goge? Ga abin da za ka saya da wanda za ka bari a shago

Duk mai jefa jig a tafkin Kainji ya san tsage ba shi da mutunci, kifi ne mai haƙora kamar zarto, cizo biyu uku ya sale maka fenti, sauran kuma duwatsun ƙasan ruwa su ƙarasa. Jig dai shi ne ɗan kifin ƙarfen nan mai ƙugiya, giram 20, 40 ko 60, da ake jefawa ana fizga. Nawa guda bakwai ne suka koma kalar toka, sabo kuma kuɗinsa ba wasa ba tunda daga waje ake shigo da su, shi ya sa na zauna na gwada kayan gyara ɗaya bayan ɗaya.

Kafin maganar fenti ma, yawancin jig dalma ce aka zuba. Kar ka goge ta a bushe a tsakar gida yara na wasa. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Sanfefa mai lamba 400 za ka saya, ka riƙa tsoma ta a ruwa kana gugar, ruwan ka zubar nesa da rijiya, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci. Ka cire ƙugiyoyi da zobban tukuna, ni sai da ƙugiya ta shige min babban yatsa na koyi wannan.

To fenti. Jan farce shi ne mafi araha, kuma gaskiya launukansa sun fi na kowa kyau, akwai mai ƙyalƙyali, ga ɗan burushi a ciki, ƙaramar kwalba ɗaya ta isa jig da yawa. Kunyar tsayawa a shagon kayan kwalliya kana zaɓen kala ce kawai matsalar, ni uwargida nake aika. Amma shi kaɗai ba ya jure dutse, fita ɗaya ya fara ɓarewa. Fentin feshi na gwangwani ya fi kwanciya sumul, sai dai sai ka fara fesa fari a ƙasa in ba haka ba dalmar ta shanye hasken kalar, kuma gwangwani guda ya yi yawa in jig biyu uku gare ka. Kar kuma ka ɗora jan farce kan fentin feshin da bai gama bushewa ba, sinadarinsa zai tattare shi ya yi yamushi.

Abin da ya fi burge ni ma ba fenti ba ne, tef ɗin alminiyon nan ne da masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki suke amfani da shi. Ka yanka daidai gefen jig ka manna, ka murje da bayan cokali, sai ka ja layin shuɗi ko kore a gadon baya da jan farce. A cikin ruwa walƙiyarsa kamar ƙaramin kifi na gudu, kuma ita giwan ruwa walƙiyar da motsin take bi a ganina, ba tsaruwar zane ba.

Inda kuɗinka ya kamata ya tafi shi ne abin rufewa na sama, nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Sufa gulu ka manta da shi, yana yin farin hazo a kan fenti ga shi da saurin tsagewa. Gam ɗin nan mai bututu biyu da ake haɗawa, wato ifoksi, shi ne maganar, amma iri biyu ne a kasuwa kuma mai shago zai miƙo maka na minti 4 ko 5 ne don shi aka fi saya. Wannan kafin ka gama shafa wa jig na biyu ya daskare a burushi, yana barin gudaji, bayan ɗan lokaci kuma ya koma ruwan ɗorawa. Ka nemi mai jinkirin kamawa, na minti 30 ko fiye, kuma ka duba ya zama garai-garai kamar ruwa, don akwai mai kalar toka na liƙe ƙarfe wanda zai rufe maka fentin gaba ɗaya. Haɗi daidai wa daida, ka juya kamar minti 2, ka shafa siriri, ka rataye da waya kana juya shi sama da ƙasa har ya daina zuba, sannan ka ƙyale shi awa 24. Ka zura tsinken ashana a ramin ɗaure igiya kafin ya kama. In da hunturu ne ka kife kwali a kai, na farkon da na yi ƙura ta sauka masa ya fito kamar an barbaɗa masa gero.

Akwai kuma wani ruwan roba da hasken rana ke busarwa cikin 'yan mintoci, masu yin sarƙa da ɗan kunne na roba suna amfani da shi, ana samunsa ta intanet. Yana da kyau da sauri, amma a ɗaki za ka shafa, in ka yi a waje ranarmu ta daskarar da shi tun yana kan burushi, ga shi ya fi tsada. Fentin mota mai haɗin hadina, wato ruwan da ke sa shi taurarewa, shi ma yana riƙewa sosai, sai dai tururinsa na da illa ga huhu, ba na ɗaki ba ne. In kana da aboki mai fentin mota ka ba shi ya rataye su gefe ranar da zai fesa wa mota ruwan sheƙi na ƙarshe.

Ni yanzu sayayyata sanfefa, tef, jan farce kala biyu da ifoksi mai jinkiri. In jig ɗaya ne kacal ya goge, kayan za su iya fin sabo tsada, ka tara su kai biyar ko shida tukuna, ko ku haɗa kuɗi da abokan zuwa ruwa ku yi rana ɗaya.