FFmpeg ko GStreamer? Ga amsata, ƙanena

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke tambaya tsakanin FFmpeg da GStreamer (kayan aiki biyu ne da masu rubuta shirin kwamfuta ke sarrafa bidiyo da sauti da su) don ɗan shirinsa na kwamfuta na rage nauyin bidiyon biki: ka ɗauki FFmpeg, ka huta.

Shi nake aiki da shi nan Tawa a kan wata tsohuwar Dell OptiPlex ta hannu, mai i5-6500 da RAM giga 8, na sa mata Ubuntu, wato wani nau'in Linux da ake sawa a maimakon Windows. Girka kayan bai wuce layi ɗaya ba: sudo apt install ffmpeg libavcodec-dev libavformat-dev libswscale-dev pkg-config. Kafin a sauke shayi na farko ya gama, forfe ɗina na intanet ma bai ji a jikinsa ba. Da shi na rubuta wa wani abokina mai ɗaukar hoton biki ɗan shiri da yaren kwamfuta na C. Da can in ya dawo daga wurin biki da kamara cike, sai ya kwana yana rage bidiyo ɗaya bayan ɗaya, dangin amarya na Yamai da Agadas suna ta kiransa a waya. Yanzu zuba su yake cikin jaka guda ta kwamfuta, ya danna, ya tafi masallaci. Ranar da ya fara gwadawa, da ya dawo ya iske an gama, sai da ya buɗe kowane fayil ya kalla, wai bai yarda ba. Har yau in ya samo kilishi ba ya manta ni.

Kuma ba sabon abu ba ne da za ka ji tsoron ya ɓace gobe. Bafaranshe Fabrice Bellard ne ya fara shi a shekarar 2000, kuma VLC da OBS da kuke buɗewa kullum suna dogara da shi. Gaɓoɓinsa a fili suke: libavformat ya buɗe fayil, libavcodec ya kwance hoto da sauti ko ya sake ɗaure su, libswscale ya canza girman hoton. Inda zai ɗan ba ka wuya shi ne tsoffin darussan intanet. Da yawansu suna kiran tsoffin umarnin FFmpeg, av_register_all da avcodec_decode_video2, alhali an cire su tun FFmpeg 5.0 a 2022. Ubuntu 22.04 na zuwa da FFmpeg 4.4, shi kuma 24.04 da 6.1, don haka abin da ya yi aiki wurin abokinka zai iya ƙi maka. Tun farko ka koyi avcodec_send_packet da avcodec_receive_frame, ka bi misalan da ke cikin jakar doc/examples ta FFmpeg ɗin kansa.

In Windows ka nace, kada ka ƙone forfe wajen sauke Visual Studio mai giga-giga. Sa MSYS2, mai kawo kayan aiki irin na Linux a Windows; pacman, mai girka kayansa, zai kawo maka gcc (mai haɗa shirin C) da FFmpeg tare.

GStreamer fa? Ba zan ce ba shi da kyau ba. In kamara ce za ta riƙa turo hoto kai tsaye, kamar wa'azi ko taro da ake watsawa, nan ne wurinsa. Amma sai ka fara koyon GLib da GObject, tubalan da aka gina shi a kansu, sannan ka bi kayan haɗinsa da aka raba base, good, bad da ugly, ka gano x264enc, mai matse bidiyon, na cikin ugly. A Windows kuma dole nau'in da ka sauke, MSVC ko MinGW, ya dace da abin da kake haɗa shirin da shi. Bayan duk wannan, yawancin bidiyon da zai buɗe maka ta wani kayan haɗinsa mai suna gst-libav yake bi, wanda FFmpeg ɗin dai ne a cikinsa. To me ya kai ka zagaye?

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu butik. Akwai masu zuba waɗannan kayan a kile na USB su sayar maka, wai "cikakke ne mai lasisi". Dukkansu biyun kyauta ne, ko dala kada ka bayar, kuma abin da ke cikin irin wannan kilen Allah kaɗai ya san me aka cusa masa. Haka in za ka sayi kwamfutar tebur ta hannu, a Yamai ne ko a nan, kalmar "i5 ce, alhaji" ba ta isa ba. Ka sa a kunna ta gabanka, ka karanta lambar da ke bayan i5 ɗin da idonka. i5-2400 ta 2011 ce, i5-6500 ta 2015, kuma tazarar ba ƙarama ba ce: lambar farko ita ce ƙarninta, kuma daga ƙarni na 6 ne Quick Sync, sashen bidiyo na Intel, ke sarrafa H.265 da kansa, wato tsarin da wayoyi da yawa ke ɗaukar bidiyo da shi yanzu. In kana son Windows 11 kuwa, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, sai ƙarni na 8 zuwa sama. Takardar da aka manna a jikin akwati ba shaida ba ce, ana ɓamɓaro ta daga wata a liƙa.

Sauran kuɗin da ya rage maka ka sa a SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) da ondilar mai riƙe wuta, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta MP4, fayil ɗin yawanci ba ya buɗuwa, sai an sake daga farko. Ka kuma riƙa buɗe akwatin kana hure ƙura, musamman bayan hunturu, kafin zafin Afrilu ya iske fanka a toshe. In ka girka, turo abin da ffmpeg -version ya nuna maka, mu ga da wane za mu fara.