Haɗin tafarnuwa don rage kitsen jini: yadda na same shi

Da gwajin jini ya nuna kitse ya yi mini yawa, likita ya rubuta mini atorvastatin, amma tsoron shan ƙwaya kullum ya kai ni wani shagon magungunan gargajiya da ke unguwarmu, inda na sayi haɗin tafarnuwa, citta da habbatussauda. Shagon tsaf yake, kwalaben kuma suna ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, sai dai an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne mai shagon ya ce, "Alhaji, ajiye na asibiti kawai," bai ko tambaye ni magungunan da nake sha ba, alhali yawan tafarnuwa yana ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Bayan wata uku na sake gwaji, kitsen bai sauka sosai ba, ga ƙwarnafi da warin baki da uwargida ta gaji da su. Na koma kan ƙwayar, wadda ke rage kitsen da hanta take samarwa, ragowar garin haɗin tafarnuwar kuwa yanzu a miya muke zuba shi.