LTA ko PFA-100: wanne ya fi gano matsalar ƙwayoyin tsayar da jini?

Mutum na iya samun ƙwayoyin filatilet, wato ƙwayoyin tsayar da jini, masu yawa a jininsa, amma haɓo ya ƙi tsayawa, domin ƙwayoyin ba sa manne wa juna. Ƙirga su kaɗai bai isa ba, sai an gwada aikinsu.

Tsohuwar hanya ita ce LTA, gwajin auna hasken da ke ratsa ruwan jini, wadda Gustav Born ya ɓullo da ita a 1962. Ana juya jini a na'ura a ware ruwan da ƙwayoyin ke ciki, mai duhu-duhu kamar ruwan tsaki. A ɗumama shi zuwa digiri 37, a ɗiga masa sinadarin da ke sa ƙwayoyin haɗuwa, kamar ADP, kolajin ko ristosetin. Da ƙwayoyin sun fara dunƙulewa sai ruwan ya washe, haske ya ratsa, na'ura ta zana layi. Daga layukan nan ake gane cuta: a cutar Glanzmann, wata cutar zubar jini ta gado, ristosetin kaɗai ke sa su haɗuwa. Sai dai LTA tana cin lokaci da jini mai yawa, tana buƙatar ƙwararre, kuma a gama cikin awa 4 da ɗibar jinin.

PFA-100 kuwa, wata na'urar gwada aikin filatilet, ba ta da wannan wahala. Jini ƙasa da mililita 1 ake tsotsa ta wata 'yar ƙofa, a ƙirga daƙiƙun da za ta ɗauka kafin ta toshe. Tana kama cutar von Willebrand, ita ma ta zubar jini, da tasirin asfirin, amma ba ta faɗin ainihin cutar. Ƙarancin jini ma yana tsawaita lokacin, abin da ya kamata likitocinmu su kula da shi sosai. A ganina ta dace da tantancewar farko, amma yaron da ke yawan zubar jini a kai shi LTA ko da sakamakon PFA-100 ya fito lafiya.