Littafin ɓerayen ƙanƙara da na sayo wa Hajara a Jidda

Riyal 45 na biya, har mai shagon ya ce, "Alhaji, duk littattafan nan, na ɓera ka zaɓa?" Makaranta ce ta ba Hajara aiki a kan ɓerayen, ni kuma a zafin Jidda ko hoton ƙanƙara rahama ne.

Da Larabci aka rubuta shi, hotunan tas. Babin abinci shi ya kama ni. Ƙananan ɓeraye iri biyu da ake kira lemin suna zaune wuri ɗaya a arewacin Kanada. Ɗaya yakan koma fari fat lokacin sanyi, abincinsa ganye da tohon wani gajeren itace mai suna wilo. Ɗayan, ruwan ƙasa, an san shi da ciyawa da gansakuka. Amma a tsibirin Bailot, can arewacin Kanadan, an gano cewa lokacin sanyi dukansu wilo suke ci a ƙarƙashin ƙanƙara, don ba sa dogon barcin hunturu. Kwano ɗaya ke nan, sai dai ruwan ƙasan yana haɗawa da gansakuka. Yawansu kuma yakan hau ya faɗi duk shekara 3 zuwa 4, farar mujiya na biye da su.

Littafin ya kuma ƙaryata zancen wai suna faɗawa teku su kashe kansu. Madalla.

Abin da ya ɓata min rai ɗinkin. Mako biyu, shafi huɗu sun fita. Rubutun ma ƙanana ne, sai da na ɗauko tabarau. Hajara dai ta kwashe makinta.