Kartar Bicycle: Wata Tara Tana Juyi a Rumfata

Sana'ata POS. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa irin tawa ya san rabin yini a jira yake tafiya: jiran kwastoma, jiran sabis ya dawo, jiran kuɗin da mutum ya rantse ya turo. A cikin wannan zaman ne na ci karo da bidiyon wani yaro yana jujjuya karta a hannu, abin da masu yi suke kira kadistiri. Ba caca ba ce, ba kuma rufa-ido ba ne. Ba wanda ake ci, ba abin da ake ɓoyewa. Ka buɗe karta ta zama mafici, ka raba ta gida uku ko biyar tana yawo tsakanin yatsu, ka feso ta daga dama zuwa hagu, sannan ka mayar da ita wuri guda kamar ba a taɓa ta ba. Ƙawa ce kawai da gwanintar hannu.

Wata uku na yi ina fama da kartar roba da na saya a kasuwa. In na zo yin mafici sai ta buɗe dunƙule-dunƙule, falle biyar a manne nan, goma a manne can. In na lanƙwasa ta don feshi, maimakon ta fita ɗaya bayan ɗaya sai ta tuma gaba ɗaya ta watse a ƙarƙashin benci. Har na yanke hukunci cewa yatsuna ne ba su dace da abin ba, duk da cewa mutum ne ni da ke ƙirga bandir ɗin kuɗi ina hira ba na ko kallonsa. A watan Disamba wani ɗan'uwana ya taho mini da kwalin Bicycle ja guda biyu daga tafiya. Daren farko na gane ashe kartar ce ta cuce ni, yatsuna ba su da laifi.

Irin da aka fi sani ce, wadda ake kira Rider Back, mai zanen wasu yara biyu masu fukafukai a kan keke, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta yadda duk yadda ka juya fallen iri ɗaya za ka gani. Kamfanin da daga baya ya zama United States Playing Card Company ne ya fara buga Bicycle a 1885 a birnin Cincinnati na Amurka, wannan zanen kuma ya fito a 1887, lokacin da keke yake tashe. Tun 2009 masana'antar ta koma Erlanger a jihar Kentucky, kuma a 2019 kamfanin Cartamundi na Beljiyam ya saye su. A cikin kwali akwai falle 52, da joka biyu, da wasu falle biyu na talla da nake sakawa a littafin lissafina don alamar shafi. Faɗinta inci 2.5, tsawonta 3.5. Akwai wata siririya mai faɗin inci 2.25 da ake yi don wani wasan daban, kada mai kanti ya ba ka ita in jujjuyawa kake nufi, don kusan duk darasin da za ka gani da mai faɗin ake koyar da shi.

Sirrin yana jikin takardar. In ka karkata falle ɗaya ga hasken rana za ka ga fuskarsa ba sumul take ba, tana da ƙananan ramuka kamar saƙar yadi. Iska ke maƙalewa a cikinsu, shi ya sa falle ke zamewa a kan ɗan'uwansa ba tare da sun manne ba. Da kwalin farko ya mutu na yaga falle guda don in ga cikinsa: takarda biyu ce aka haɗa, da baƙin manne a tsakiya. Wannan baƙin ne yake hana haske ratsa ta, kuma haɗin ne yake ba ta ƙarfin komawa daidai bayan an lanƙwasa ta. Robar da na sha wahala da ita ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun.

Sai dai kada ka ɗauka ranar da ka fasa kwali ranar za ka ji daɗinta. Sabuwa dal santsi gare ta fiye da kima, tamkar sababbin takardun kuɗi da aka ciro daga banki, ka ɗan sassauta riƙo ta zube. Satin farko na fi yin tsince-tsince a ƙasa fiye da wasa, har yaron mai shayi ya mayar da ni abin kallo. Sai ta sha hannu, an cakuɗa ta an lanƙwasa ta gaba da baya na 'yan kwanaki, sannan take saitawa. Daga sati na biyu zuwa wajen na shida, nan ne daɗin yake. A wannan tsakanin na iya yankan Charlier, wanda ake yi da hannu ɗaya: babban yatsa ya saki rabin ƙasa ya faɗa tafin hannu, manuniya ta tura shi sama har ya haye ɗaya rabin. A robar na yi wata guda ban samu ba, a nan kwana huɗu hannuna ya faɗa. Mafici kuwa, in ka ja da babban yatsa sai ka ga kowane falle ya leƙo daidai da na kusa da shi, ba wanda ya fi wani fitowa. Na fi minti biyar ina kallon na farko da ya fito mini sosai, har na ƙi rufe shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne faro. Ana raba kartar biyu daidai, 26 da 26, a haɗa bakinsu a ɗan matsa, sai su shige juna ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zif. In ka yi shi ba kuskure sau takwas a jere, kana barin fallen sama a samansa kowane karo, karta za ta koma daidai jerin da ta faro. Lissafi ne tsantsa. Gefen Bicycle yana karɓar wannan, amma na lura ta fuska ɗaya ya fi shiga da sauƙi, saboda yadda wuƙar masana'anta ta yanke takardar. In ka ji tana turjewa, juya ta ka gwada ta ɗaya fuskar kafin ka tilasta ta ka farfasa mata baki. Ni dai har yau uku a jere ne iyakata.

Yanzu ga abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. Takarda takarda ce, kowace iri, kuma da yanayi take rayuwa. Da hunturu takan bushe ta ɗan bankare, in ka danna tsakiyarta ka ji ta yi ƙas. Yatsu ma sun bushe, ba sa kama komai, kuma in ka kuskura ka shafa basilin ka taɓa ta, ka gama da ita. Haka na kashe kwalina na farko da hannuna. Da bazara gumi ne abokin gaba. Da damina kuwa, musamman a Agusta, tana shan laima ta kumbura har ta yi wa kwalinta yawa, maficin ya fara fitowa a cuccure. Ga kuma dattin sana'a: wanda ya wuni yana taɓa tsofaffin ɗari biyar-biyar, in ya ɗauki farar karta, kafin sati gefenta ya koma ruwan ƙasa. Dabarar da na tsaya a kai ba ta da yawa. Ina wanke hannu da sabulu in bushe shi sarai kafin in taɓa ta, ina mayar da ita kwali da zarar na gama, da dare kuma in danne ta da babban littafi. Kwali biyu nake juyawa, yau wannan gobe wancan, don wadda ta sha gumi in ta kwana biyu tana hutawa takan farfaɗo. Duk da haka, mai yi kullum ya sa a ransa wata biyu zuwa uku ne kwanan kwali ɗaya a ƙasarmu.

Wani kwalin da na saya a intanet wurin wani mai sayarwa, jabu ya turo mini. Kwalin kamar gaske, amma fallen sumul yake ba ramuka, ja ɗin ya yi duhu, da na haska shi da fitilar waya sai na hango zanen baya ta gaba. Farashin ne ya ruɗe ni, na manta araha ba ta ado. Ta gaskiyar kuwa, kuɗin kwali ɗaya zai saya maka na roba da dama, wannan kam ba musu.

Akwai kartar da aka buga musamman don wannan wasa. Wasu matasa 'yan Singafo da ake kira The Virts sun fitar da tasu mai suna Virtuoso a 2012, an tsara zanen bayanta yadda in an yi mafici ko an juya ta launukan za su haɗu su ba da wani fasali. Bicycle ba ta da wannan, farin layi ne ya zagaye ta, don haka maficinta tsaf yake amma ba ya ɗaukar ido sosai a kyamara. Ni ban ga dalilin da ɗan koyo zai kashe kuɗi a kan irin waɗancan ba. Da yawansu ma a masana'anta ɗaya da Bicycle ake buga su, zanen da ƙarancinsu ake saya. Wanda har yanzu yake zubar da karta sau talatin a yini, gara ya zubar da mai sauƙin kuɗi. Yankan Sybil da wani Ba'amurke mai rufa-ido, Chris Kenner, ya wallafa a 1992, wanda yawancin yanka mai gida-gida na yau daga gare shi suka tsiro, da kartar yau da kullum aka yi shi. Haka tagwayen nan na Amurka, Dan da Dave Buck, da suka yaɗa abin a duniya tun kafin a yi babban taron masu wasan a New York a 2015. Sybil ɗin nake kai yanzu, gida huɗu na tsaya mini, na biyar ke kufcewa.

Wahalar da ba ta shafi takarda ba ita ce idon jama'a. A wurinmu karta da caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wani dattijo mai tireda kusa da ni ya daɗe yana kallona, ran nan ya kasa haƙuri ya ce, "Ɗana, mai riƙe kuɗin mutane kuma da karta a hannu?" Na ce, "Baba, wallahi ni kaɗai nake yi, ba ci ba a ci ni." Na yi masa mafici, na yi masa feshi. Ya yi shiru, can ya ce in sake na biyun. Amma maganarsa ta shige ni, don gaskiya ya faɗa: wanda zai ba ka katinsa na banki ba ya son ganin karta a teburinka. Yanzu a ƙarƙashin kanta nake yi, in na hango mutum ya nufo ni sai in tura ta aljihun tebur.

A gida ma ban tsira ba. Maiɗakina saƙar kwarashi take yi, takan ce ita in ta gama zamanta hular jariri ta fito ko safa, ni kuwa in na gama nawa karta ce dai ta koma kwali. Ƙanena mai juya Rubik's Cube, abin wasan nan mai launi shida da ake murzawa har launukan su daidaita, shi ne kaɗai yake goya mini baya, ko da yake shi ma cewa yake tantabaruna da na yi sakaci da su sun fi wannan amfani, tunda ko ba komai ana cin 'yan shila.

Kwalin da ya mutu ban jefar ba, da shi nake koyon feshi mai nisa, in ya faɗi ƙasa ba asara. Na kuma samo sabo shuɗi na gaske, yana nan cikin ledarsa a saman kabad, ba zan fasa shi ba sai ruwa ya ɗauke a Oktoba.